Mabuɗi Mai Ƙiba

Shugabar wannan taro, Farfesa Lorraine Desjardins. Manyanmu masana lissafi. Injiniyoyinmu masu rubuta manhaja. Wakilan gidajen fakewar mata da suka keto ƙanƙara daga Winnipeg da Sudbury suka zo mana nan Waterloo. Jama'a maza da mata, ina yi muku barka da warhaka.

Ina godiya ga shugaba da ta ba ni wannan dama, ina godiya ga waɗanda suka dafa kofin nan, ko da yake ya huce tun muna muhawarar farko. Ku gafarce ni idan kun ga na kasa tsayawa wuri ɗaya. Raina ne bai kwanta ba, kuma ba zai kwanta ba sai an kaɗa ƙuri'ar yau.

Magana ta farko ita ce kwaɗon da muke rufe saƙonnin gidajen nan da shi. Duk ƙarfinsa ya rataya ne a kan lissafi ɗaya mai wuya, wato a ba ka ƙatuwar lamba a ce ka gano lambobin da aka ninka aka same ta. Kwamfutar yau ba ta iyawa. Kwamfutar kwantum kuwa, wato sabuwar na'urar da masana ke kan ƙerawa, ranar da ta girma, za ta warware shi cikin sauƙi. Yaushe za ta girma? Ban sani ba, Farfesa ba ta sani ba, duk wanda ya yanka muku rana ƙarya yake yi. Abin da na sani shi ne, ɓarawo ba sai ya jira ranar ba. Yau zai kwafi saƙo a rufe, ya ajiye, ya yi ta haƙuri.

Magana ta biyu ita ce maganin da ke hannunmu, zan kuma faɗe shi a sauƙaƙe saboda baƙinmu da ba lissafi ne sana'arsu ba. A ko'ina kuskure abin kunya ne, a wurinmu kuwa kuskure shi ne kwaɗon. Mai aika saƙo ya rubuta shi da mabuɗin da kowa ke gani, sannan da gangan ya watsa masa kurakurai. Mai mabuɗin sirri ne kaɗai ya san yadda zai tsince su, kowa kuma sai ya ga shirme. Tun kafin a haifi rabin mutanen zauren nan masana ke dukan wannan tsari, bai faɗi ba, kuma har yanzu ba a san hanyar da kwantum za ta bi ta kayar da shi ba. Aibinsa ɗaya ne, mabuɗinsa ƙato ne, mai ƙiba, ba kyan gani.

To, a nan muka maƙale. Mu mutanen lissafi muna da wata cuta, ba ma son abu mummuna ko da yana aiki. Abokina Gord Petrenko, ga shi can yana sunkuyar da kai, ya same ni a ofis bara yana murna.

Ya ce, "Colleen, ke dai zo ki ga ikon Allah. Na sa ƙaton nan naki ya rame."

Na ce, "Kai Gord, da me ka ramar da shi?"

Ya ce, "Tsari na ba shi. Layi ɗaya za ka ajiye, sauran duk maimaici ne. Dubi kyau, don Allah!"

Na ce, "Mutumina, kyan da ka gani, ɓarawo ma yana da ido."

Muka aika wa abokan aikinmu na Montreal su gwada shi, kamar yadda muka saba. Ba su nemi wata kwantum ba. Da kwamfutar cinya suka bi maimaicin nan suka zaro mabuɗin sirri. Ba tonon silili nake yi wa Gord ba, shi da kansa ya fara sanar da mu, kuma ya fi ni kaifin ƙwaƙwalwa. Amma ga shi yau an sake kawo shawara cewa mu dakata, mu kafa kwamiti, mu jira wani siririn mabuɗi da zai fito. Bara mun dakata. Bara waccan mun dakata. Haba jama'a! Mabuɗin nan da muke kuka da nauyinsa bai kai hoto ɗaya na kifin da Gord ya kamo a tafki yake turo mana a waya ba.

Magana ta uku ba tawa ba ce. Yvette Lachance tana nan a layin baya, ita ke riƙe da wani gidan fakewa a arewacin ƙasar nan. Da muka je saka musu manhaja, ta tare ni a ɗakin girki.

Ta ce, "Ke 'yar lissafi, ni ban san kwantum ba. Akwai wata mata a sama da jaririyarta. Ta canja suna, ta canja gari, mijin kuma ya rantse sai ya nemo su, kuma yana da hanya da mutane. Sabon adireshinta ta cikin abin nan naku na aika wa lauya. Zai riƙe har yarinyar ta yi girman da za ta kare kanta?"

Na buɗe baki in yi mata bayanin kwamiti, sai na ji kunya ta rufe ni. Na ce zan kawo mata amsa. Saƙon da ya riga ya fita ba mu da ikon dawo da shi. Amma matar nan za ta sake ƙaura, za a sake aika adireshi, kuma da kwaɗon da muka zaɓa yau za a rufe shi.

Don haka ina roƙonku, kada mu sake dakatawa. Mu ɗauki ƙaton mabuɗin nan da muninsa, mu ɗora shi a kan kwaɗon da muke da shi, masu neman siriri su ci gaba da bincikensu, Allah ya ba su sa'a. Yvette za ta kama hanya da yamma, kuma ba zan iya raka ta bakin mota in ce mata mun kafa kwamiti ba.

Allah ya yi mana jagora a ƙuri'ar nan. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya a kan wannan hanya mai santsi. Allah ya raya yarinyar nan, ya sa ta girma ba tare da ta taɓa sanin sunan ko ɗaya daga cikinmu ba.

Na gode.