Saura Kemistiri

A tashar Ɗanbatta muna jiran mota ta cika, wani dattijo ya leƙa littafin budurwar da ke gefensa.

"'Yammata, waɗannan ɗige-ɗigen fa, kamar an shuka gero?"

"Elektron ne, Baba. Kulorin bakwai gare shi a zagayen waje, takwas yake nema. Ba ya zama lafiya sai ya ƙwato ɗaya wajen sodiyam, su haɗu su zama gishiri."

"Jarabawa za ki?"

"Karo na uku. Kemistiri kaɗai ya hana ni karatun nas."

"Ki haƙura mana. Ɗana Ikrima ma haƙura ya yi, yana gona."

"Ya ji daɗin haƙurin?"

Dattijon ya sake leƙa littafin.

"To ni ban haƙura ba. Ɗan gusa, Baba, kana tare min haske."