Ya Naɗi Kiɗana Ya Sa Sunansa

Assalamu alaikum, mai gabatarwa. Ni ne Haruna daga unguwar Utaibiyya, Makka.

Shekara biyu ina sauraren wani tsohon kiɗan Turawa, jaz, a faifan mahaifina, har na iya kaɗa shi da ud, molon Larabawa. Gaɓa huɗu gare shi, ta ukun ce mai wuya, don a nan sautin yake juyawa. Abokina Sabi'u ya naɗi kiɗana da waya, ya sa a intanet da sunansa. Da na tuhume shi sai ya ce, "Ya akhi, ai kiɗan ba na babanka ba ne."

Yanzu an gayyace shi ya kaɗa shi a wani biki a Jidda, alhali gaɓar farko kaɗai ya iya. Wallahi a sahun gaba zan zauna. Masu sauraro, in bar shi ya sha kunya shi kaɗai, ko in karɓe molon in ƙarasa a gabansa?