Ƙudajena Ba Maganin Farin Jini Ba Ne

Assalamu alaikum. Shugaban wannan taro Alhaji Bawa, iyayenmu masu gari na Kusa da Bugaje da Mazanya, malamai, 'yan kasuwa, direbobi da 'yan kamasho na bakin iyaka, jama'ar Jibiya maza da mata, ina gaishe ku gaisuwar girma. Na gode da kuka ba ni wannan dama, ko da yake raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Ni ne Kalilu, ɗan Kusa, malamin kimiyya a sakandare. Tun ina karatu a Turai nake kiwon ɗan ƙudan nan mai jan ido da ke taruwa kan ruɓaɓɓen mangwaro. Shekaranjiya na dawo daga Maraɗi, inda wani abokina ke da na'urar da ke ɗaukar sautin fiffiken ƙudan, ina riƙe da kwalabena a kwali. A shingen bakin iyaka aka tare ni.

Abu na farko, bari ku san abin da ke cikin kwalaben. Namijin ƙudan nan, idan ya ga tamata, sai ya bi ta, ya taɓa ta da ƙafa, ya miƙa fiffike ɗaya ya kaɗa mata shi, wata 'yar waƙa da kunnenmu bai ji. Ku ware shi tun yana tsutsa, bai taɓa ganin ubansa ba, ranar da ya ga mace zai rera waƙar daidai. Ba koya ya yi ba, gada ya yi, kamar yadda gero ke gadon tsawon zangarniya. Masana sun ma sami ƙudan da wani sashen jikinsa namiji, wani mace, suka ga cewa sai wani gefe na ƙwaƙwalwarsa ya zama na namiji kafin ya miƙa fiffike. Ikon Allah ne a cikin kan da bai kai ƙwayar riɗi ba, shi nake bincike.

Abu na biyu, abin da aka yi mini. Ranar nan tireloli shaƙe da siminti da rediyo da sababbin babura suna ta wucewa, ba wanda ya ɗaga tamfol. Kwalin malami aka ga damar buɗewa. Wani mai duba kaya ya ce, "Malam, mi ne ne amfanin ƙwarin ga?" Na ce ina nazarin yadda namiji ke shawo kan mace. Kalmar ke nan, shawo kai. Ya dubi abokinsa, suka yi murmushi, aka riƙe kwalin, aka ce in dawo gobe. Da na dawo, labari ya gama tasha cewa malami ya shigo da asirin Turawa. An buɗe kwalabena, an shanya ƙudajen, an daka su da kwalli, an rarraba. Aikin shekaru, jama'a, aikin da nake tashi in dafa wa abinci kafin in karya kumallo, yau yana idon magidanta masu furfura. Kuɗin man fetur ya shigo mana, mun sayi agogo, mun sayi mota, amma ilimi ya zo ƙofarmu a kwalba mun daka shi a turmi. Wallahi abin ya ƙona mini rai.

Tunda kun shafa, ya kamata ku san me kuka shafa. Irin da nake kiwo ƙwayar gadonsa ta sami tangarɗa, waƙarsa a karye take. Na zaɓe shi ne don mata ba su cika kula shi ba. Duk cikin ƙudajen duniya, wanda ake yawan juya wa baya kuka ɗora a ido.

Abu na ƙarshe roƙo ne. Ya'u direba ya tabbatar mini akwai kwalba ɗaya da wani ya ɓoye, yana jiran ƙudajen ciki su hayayyafa ya sayar. Ba za su hayayyafa a hannunka ba, ɗan'uwa. Abincinsu ya kusa bushewa, kuma idan zafin gobe ya same su, wannan iri ya ƙare a ƙasar nan. Ba na neman sunanka, ba zan kai ƙara ba. Ka ajiye ta a inuwa a zauren Alhaji Bawa kafin la'asar, kada ka cire audugar bakinta.

Allah ya ba mu ilimi mai amfani da haƙurin tambaya kafin mu daka. Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare matafiyanmu a kan wannan hanya, ya mai da kowa gidansa lafiya. Ni ina zauren, ina jira.

Na gode.