Awon Ƙafar Ɗanlahadi

A tashar 'Yankara, wata dattijuwa ta leƙa safar da matar kusa da ita ke saƙawa.

"'Yar nan, ki riƙa jan zaren sosai a mahaɗar alluran, kar ta bar ɓuli. Kuma kafin ki juya diddige, ki gwada a ƙafar mai ita."

"Ɗana Ɗanlahadi ba ya gwaduwa, Inna. Sawunshi nike aunawa. Kullum na fito shara da safe, ina iske shi bakin ɗakina."

"Yaran yanzu! To ina yake kwana?"

"Maƙabarta. Tun yana rarrafe muka rufe shi. Na gaji da warwara, Inna, ƙafar sai ƙara girma take."