Takardun Yaya Saratu da Na Kulle a Tebur

'Yan'uwa, ina gaishe ku cikin sunan Yesu Almasihu Mai Cetonmu. Sunana Bitrus. Da yawanku kun saba ganina a kujerar gaba ina jan waƙa. Yau zan gaya muku abin da na aikata, da inda Ubangiji ya tsamo ni.

Mu biyu mahaifinmu ya bari, ni da yayata Saratu. Bayan mijinta ya rasu ta dawo gida Gaya, ta yi jinyar Baba shekara huɗu. Ni kuwa leƙe kawai nake yi, wani lokacin ko sauka daga babur ba na yi. Kafin ya cika ya tara dangi ya ce gidan nata ne, ni in ɗauki gonar Toranke. Na ce na yarda, amma ƙarya nake yi. Gidan a bakin hanya yake, kuma na riga na yi magana da wani mai son gina shaguna a wurin.

A lokacin ina cikin ma'aikatan da ke zagayawa suna duba gidaje don a yanka musu haraji. Da aka zo sabon zagaye, ni na roƙa a ba ni unguwarmu. Yaya ta gan ni ta yi murna, ta kawo mini ƙuliƙuli mai zafi. Ina ci ina rubutu. Rumfar da take suyar gyaɗa na rubuta ta masana'anta. Ɗakin Baba, wanda ba komai ciki sai buhuna, na ce ɗakin haya ne.

Da takardar sabon haraji ta iso, sai da aka karanta mata sau biyu, don ba ta yarda da kunnenta ba. Wurina ta fara zuwa, ta ce an yi kuskure, in taimaka. Na ce mata daga sama abin ya zo. Na ƙara da cewa in nauyin ya fi ƙarfinta ta sayar da gidan, na san mai saye.

Maƙwabcinta Malam Sule tela shi ya gaya mata tana da damar yin ƙorafi. Ya rubuta mata takardar koke, mai unguwa ya sa hannu cewa ba ɗan haya ko ɗaya a gidan. Ta kawo ofis, kuma wa za ta miƙa wa in ba ƙaninta ba? Na jefa a aljihun tebur na kulle. Bayan wata guda ta kawo ta biyu, ita ma na kulle. Ranar na bar ta a benci tun safe har la'asar. Ina wucewa ta gabanta ina cewa shugaban ofis bai iso ba, alhali yana ciki.

Wa'adi ya cika, aka shafa mata jan fenti a bango, alamar gidan da bai biya haraji ba. Ta sayar da injin niƙanta ta biya. Matan da ke sarin man gyaɗa a wurinta suna kaiwa kasuwar Ajingi suka koma wurin wata. Ta koma daka a turmi, ga ta da ciwon kafaɗa. Duk ina gani. Abin da na ce a raina kawai shi ne, ta kusa sakin gidan.

Wata Lahadi Fasto ya tambayi masu buƙatar addu'a. Yaya ta miƙe, hannunta ɗaya a maƙale a ƙirji.

“Ku yi wa ƙanina Bitrus addu'a,” in ji ta. “Takarduna suna hannunsa. Allah ya ba shi ƙarfi.”

Jama'a suka durƙusa suna ambaton sunana, suna sa mini albarka. Na buɗe baki in ce amin, ya ƙi fita. Abin da na iya faɗa shi ne, ya Ubangiji, ni ne, ni na yi. Na yi ta maimaitawa har aka tashi.

Ran Litinin na ɗauki takardun biyu na kai wa shugaba, na faɗi komai. Aka turo wasu suka sake duba gidan, aka mayar da harajin yadda yake a da. Ni kuma aka sallame ni, kuma daidai ne.

Na je na durƙusa a gaban Yaya.

“Na sani tun ranar benci,” in ji ta. “Na ji muryar shugabanku ta taga.”

Na tambaye ta me ya hana ta tona mini asiri. Ta ce Baba da mijinta duk sun tafi, ni kaɗai na rage mata.

Ta ce ta yafe. Amma injin bai dawo ba, kafaɗar ba ta warke ba, kuma har yau a zaure take tsayar da ni mu gaisa. Ban ga laifinta ba. Yanzu noma nake yi, gyaɗar da na samu bana na kai mata, ta karɓa.

Na gode wa Yesu da bai bar ni na mutu da wannan zuciyar ba. In akwai mai riƙe da haƙƙin wani a cikinmu, ya dogara ga Ubangiji ya fito da shi tun mai shi yana da sauran ƙarfi. Amin.