Bindigar Bahaguwa

A wani shagon bindigogin wasan harbi a birnin Daegu, wata mata mai furfura tana ta jujjuya wani ƙaton madubin saitin bindiga, wani tsoho mai jiran gyara yana kallonta daga benci.

"Ƙanwata, wannan madubin ai sai mai niyyar harbo tauraro. Bindigarki ta fari za ki saya?"

"Ta fari, wataƙila kuma ta ƙarshe, Yaya. Tun bazara nake koyo da ta aro, ban taɓa samun tsakiyar allo ba. In wannan bai gyara ni ba, na haƙura."

"Ajiye shi tukuna. Miƙe hannuwanki, ki yi 'yar kafa da yatsu, ki leƙa agogon can. To, rufe idon hagu."

"Kai! Agogon ya gudu."

"Yana nan inda yake. Idonki na hagu ne mai aikin, kina ta wahalar da na dama. Bahaguwa ce ke?"

"Wa, ni? Da dama nake cin abinci!" Sai ta dubi hannunta na hagu. "Kakata ce dai take ɗaure mini hagun a baya lokacin cin shinkafa, wai kada in rasa miji."

"Kin samu?"

"Na samu, har na binne shi bara."

Tsohon ya rusuna mata, alamar ta'aziyya.

Ta mayar da madubin, ta dubi mai shago. "Ɗana, akwai ta bahagwai? Ƙaramin madubi ma ya isa."

Da ya ɗauko bindigar, hannunta na hagu ne ya riga miƙewa.