Gwiwar Mai Kai Ƙwallo

A ɗakin jiran GP, likitan unguwa, a Erdington, Baba Issifu na murza gwiwarsa sai ya ji saurayin da ke gefensa na mita da Hausa, idonsa a kan waya.

"Samari, lafiya?"

"Draft ne, Baba, na ƙwallon Amurka. Ƙungiyoyi ke zaɓen sababbin 'yan wasa. An gama zagayen farko, ba wanda ya ɗauki gwanina."

"Bai iya ba ne?"

"Ya fi kowa. Running back ne, shi ake miƙa wa ƙwallo ya kutsa cikin ƙarti. Wai kafin ya kai talatin gwiwa ta tafi, kuma irinsa suna nan birjik."

Baba Issifu ya yi dariya. "Ashe ɗan dakon kaya a warehouse ne irina. In ka faɗi da safe, kafin azahar agency mai samo ma'aikata ta kawo wani."

"Kuma abin bai dame ka ba?"

"A kan me? Yana dai kai ƙwallon inda aka aike shi?"

"Yana kaiwa."

"To ni ma na kai nawa. 'Yata Hikma ta gama uni, a Manchester take aiki."

Aka kira sunansa. Ya dafa kafaɗar saurayin, ya miƙe a hankali.

"Ka ce wa gwanin naka ya fara shafa man zafi tun yanzu."